Juyin Juya Halin Faransa: Wane Ne "Ɗan Adam" A Takardar 1789?

Duk yaron da ya taɓa zama a ajin tarihi a makarantar sakandare ya sha jin labarin ranar 14 ga watan Yuli na shekarar 1789, ranar da talakawan birnin Faris suka far wa kurkukun Bastil. Malami zai rubuta kalmomi uku a allo, wato 'yanci da daidaito da 'yan'uwantaka, ya ce tun daga wannan rana duniya ta san cewa talaka ma mutum ne. Yaro ya haddace, ya zuba a takardar jarrabawa, a ba shi maki. Abin da ba kasafai ake kai wa ga karanta masa ba shi ne yadda waɗannan kalmomi suka kasance a lokacin da suka hau jirgin ruwa suka bar gaɓar Faransa. To, a nan ne fa labarin yake, kuma matashin da bakinsa ya saba da kalmar juyin juya hali ya fi kowa buƙatar ya san shi.

Ko shakka babu, zaluncin da talakan Faransa ya yi wa bore zalunci ne na haƙiƙa. An kasa al'umma gida uku: limaman coci, da masu sarauta, sai kuma sauran jama'a waɗanda suka haura kashi 95 cikin 100. Gidaje biyu na farko su ke riƙe da manyan filaye da muƙamai, alhali mafi nauyin haraji yana wuyan gida na uku. Manomi ya biya sarki, ya biya mai ƙasa, ya ba coci rabonta, har gishirin miyarsa akwai harajin da aka ɗora masa. Baitulmali ya riga ya ƙone saboda bashin yaƙe-yaƙe, musamman kuɗin da Sarki Luwis na 16 ya narkar wajen taimakon Amurkawa su kori Ingila. Ana cikin haka damina ta ɓaci a 1788, burodi ya yi tashin gwauron zabo har ya zama lebura yana kashe mafi yawan ladansa a kansa. Ala tilas sarki ya kira taron wakilan gidajen uku a watan Mayu na 1789, taron da rabon a yi irinsa tun 1614. Yana son kuɗi ne, sai ya tsokano tsuliyar dodo.

Ita Bastil ɗin da ake ta kambamawa, fursunoni bakwai kacal aka tarar a cikinta, kuma albarushi ne ya kai jama'a wajen. Amma faɗuwarta ta cire wa talaka tsoro, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. A daren 4 ga Agusta majalisa ta soke gatan masu sarauta, ranar 26 ga wannan wata kuma ta fitar da shahararriyar takardar nan ta haƙƙin ɗan Adam da ɗan ƙasa, mai sassa 17. Sashe na farko ya tabbatar da cewa ana haihuwar mutane 'yantattu ne, kuma daidai suke a haƙƙi. Sashe na ƙarshe ya ce dukiyar mutum abu ce mai alfarma, ba a taɓa ta sai da larura da biyan diyya. Mai karatu ya riƙe waɗannan sassa biyu da kyau, domin a tsakaninsu ne aka binne mutum rabin miliyan.

Can tsallaken tekun Atalantika, a yankin Karibiyan, Faransa tana da wata mallaka da ake kira Sen Domeng, wadda ita ce ƙasar Haiti ta yau. Babu wata mallaka a duniyar wancan zamani da ta kai ta kawo riba. Kusan kashi 40 cikin 100 na sukarin da Turai ke sha, da fiye da rabin gahawarta, daga gandayenta suke fitowa, kuma da wannan dukiya aka gina manyan gidajen biranen Nant da Bordo. Turawan da ke zaune a can ba su wuce 40,000 ba. Akwai 'yantattun baƙaƙe da 'yan ruwa biyu kimanin 30,000. Sauran, kusan mutum 500,000, bayi ne, kuma fiye da rabinsu a Afirka aka haife su, saboda aikin rake yana cin rai da saurin da haihuwa ba ta iya cike gurbi, don haka kullum sai an sayo sababbi. A takardun ƙidayar bayi na gandayen ana rubuta asalin kowa: Kongo, Arada, Nago wato Yarbawa, Ibo, Bambara, har da Hausawa. Abin takaici kuwa, waɗanda suka kamo su suka kai su bakin teku suka karɓi bindiga da tufafi, baƙaƙe ne 'yan'uwansu; wannan ma tarihi ne, ba a share shi don yana da ɗaci.

Dokar da Sarki Luwis na 14 ya sa wa hannu tun 1685 ta lissafa bawa a cikin kayan mallaka da ake iya ɗauka a sayar, kamar doki ko kujera. To ga mas'ala ta taso wa majalisar juyin juya hali: shi wannan baƙin mutum mai saran rake, a sashe na farko yake ko a sashe na 17? Mutum ne ko dukiya? Masu gandaye suna da ƙungiyarsu a Faris wadda ke taruwa a gidan Massiac, suna da kuɗi, suna da wakilai. A watan Maris na 1790 majalisa ta yanke cewa tsarin mulkin da take rubutawa bai shafi ƙasashen mallaka ba, ta kuma sanya dukiyar masu gandaye a ƙarƙashin kariyar ƙasa. Jiragen bayi suka ci gaba da tashi, gwamnati ta ci gaba da biyan masu su tallafi har zuwa 1793. Bilhasali ma, a shekarar 1790, wato shekara guda bayan shelar haƙƙin ɗan Adam, sama da 'yan Afirka 40,000 aka sauke a Sen Domeng. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi tun kafin tawada ta bushe.

Wani attajiri ɗan ruwa biyu mai suna Vincent Ogé ya ɗauka maganar Faris da gaske ake yi. Shi bai ma nemi a 'yanta bayi ba, ƙuri'a kawai ya nema wa irinsa masu dukiya. Da aka hana, ya ɗauki makami da 'yan ɗaruruwan mutane a ƙarshen 1790. An kama shi, a watan Fabrairu na 1791 aka ɗaure shi a dandalin birnin Kap aka kakkarya masa gaɓoɓi da sandar ƙarfe yana raye, sannan aka soke kansa a kan sanda. Bayi suna kallo, suka kuma fahimci cewa in wannan ne sakamakon mai kuɗi da ya roƙa, to su babu wanda zai kawo musu komai a faranti.

A daren 22 ga Agusta na 1791 gandayen arewacin ƙasar suka kama da wuta. Bayi dubbai, a ƙarƙashin jagorancin wani da ake kira Boukman da abokansa, suka tashi lokaci guda da adduna da wuƙaƙen saran rake. Cikin 'yan makonni ɗaruruwan gandaye sun zama toka. An kashe Boukman a watan Nuwamba, aka kafe kansa a bainar jama'a, amma wutar ta riga ta fi ƙarfin mai kashewa. Daga cikin wannan guguwa ne Toussaint Louverture ya fito, mutumin da aka haifa a bauta, ya samu 'yanci kafin boren, ya iya karatu, ya kuma mai da gungun manoma rundunar da ta iya tsayawa gaban sojan Turai.

Littattafan makaranta sukan ce Faransa ta soke bauta a 1794, su tsaya a nan, kamar wata kyauta ce aka yi saboda tausayi. Ga yadda abin ya kasance. A 1793 Faransa ta fille kan sarkinta, ta shiga yaƙi da Ingila da Sifaniya. Masu gandaye, waɗannan da ke kiran kansu 'yan kishin ƙasa, sai suka je Landan suka ƙulla yarjejeniya cewa za su miƙa wa Ingila mallakar muddin za ta bar musu bayinsu. Wakilin jamhuriya a tsibirin, Sonthonax, ya duba gabas ya duba yamma bai ga sojan da zai kare masa ƙasa ba sai waɗannan baƙaƙe da suka riga suka ƙwaci kansu. Ranar 29 ga Agusta na 1793 ya shelanta 'yancinsu. Sai ranar 4 ga Fabrairu na 1794 majalisar Faris ta amince, bayan isowar wakilai uku daga tsibirin, cikinsu har da Jean-Baptiste Belley, baƙar fata haifaffen Senegal wanda aka sayar tun yana ƙarami. Gaskiya ne akwai Faransawan da suka ƙi jinin bauta da zuciya ɗaya, kuma suna da ƙungiya tun 1788. Amma kusan shekara biyar suna magana ba a saurare su ba. Da hayaƙin rake ya turnuƙe sai kunnuwa suka buɗe.

A daidai wannan lokaci juyin juya halin yana cin 'ya'yansa a gida. Tsakanin 1793 da 1794 an yanke wa kimanin mutum 17,000 hukuncin kisa a hukumance, ban da waɗanda suka mutu a kurkuku da dubun dubatar da aka hallaka a yaƙin basasar yankin Vande. Danton ya taimaka wajen kafa kotun juyin juya hali, ita ta aika shi ga injin fille kai a watan Afrilu na 1794. Robespierre da ya tura shi ya bi bayansa ranar 28 ga Yuli. Duk mai zumuɗin jin an ce a kawar da maƙiyan juyi ya tsaya ya tambaya tukuna: wa ke riƙe da alƙalamin rubuta sunayen maƙiyan, kuma wa zai riƙe shi gobe?

Akwai masu kare Faransa da ke cewa juyin juya halin tsarkakakke ne, Napoliyon ne ya zo ya ɓata shi. Wannan magana ba ta tsayawa in aka duba Masar. A lokacin da jiragen Faransa suka sauke soja kimanin 35,000 kusa da Iskandariyya a farkon Yuli na 1798, Napoliyon janar ne kawai, gwamnatin jamhuriya ce ta aike shi, da nufin ta datse wa Ingila hanyar Indiya. Ya zo da malaman kimiyya fiye da 150, da injin buga haruffan Larabci, ya kuma raba takarda da ta buɗe da bisimilla, wadda a ciki yake cewa ya zo ne ya ceci Misirawa daga zaluncin Mamalik, kuma wai Faransawa ma Musulmi ne na gaskiya tunda sun yaƙi Fafaroma. Malamin tarihin nan na Alƙahira, Abdurrahman al-Jabarti, wanda ya ga abin da idonsa, ya bi takardar layi layi yana fito da kurakuran nahawunta da ƙaryar da ke cikinta. Wannan salo na shigowa ƙasar mutane da igwa a hannun dama da takardar ceto a hannun hagu, an sha maimaita shi bayan haka, kuma duk wanda ya ga shigar Amurka Iraƙi a 2003 zai gane kamannin.

Ba a cika wata huɗu ba ramin ƙarya ya ƙure. Ranar 21 ga Oktoba na 1798 mutanen Alƙahira suka yi bore saboda sababbin haraji. Masu ceto suka girke igwa a kan tudu suka yi wa unguwar Azhar ruwan wuta, sannan suka shiga masallacin da dawakansu, suka ɗaure su a ciki, suka watsar da littattafai. A watan Maris na 1799, a garin Yafa na Falasɗinu, aka kai dubban fursunonin da suka riga suka miƙa wuya bakin teku aka kashe. Napoliyon ya sulale ya bar rundunarsa a watan Agusta, ya koma Faris ya yi juyin mulki a watan Nuwamba. Janar Kleber da ya gaje shi a Masar, wani ɗalibi ɗan Halab mai suna Sulaiman al-Halabi, wanda ya yi karatu a Azhar, ya soke shi da wuƙa ranar 14 ga Yuni na 1800. A duba hukuncin da aka yi masa. Faransar da ta ƙirƙiro injin fille kai domin, a cewarta, kowa ya mutu iri ɗaya ba tare da azabtarwa ba, ita ce ta ƙone hannun wannan saurayi na dama, ta tsire shi a kan tsinin itace ya yi sa'o'i kafin ransa ya fita, sannan ta kwashi ƙoƙon kansa ta kai gidan tarihi a Faris. Ashe ko a wajen mutuwa daidaiton yana da iyaka, kuma iyakar ita ce bakin teku.

A koma Sen Domeng. Toussaint ya riga ya koma ɓangaren Faransa tun 1794, ya yaƙi Sifaniya, ya kuma tilasta wa Ingila ficewa a 1798 bayan ta yi asarar dubban sojoji a fagen fama da kuma cutar shawara. Wato baƙaƙen nan su suka riƙe wa jamhuriya mallakarta. A 1801 ya fitar da tsarin mulki da ya haramta bauta har abada, ya kuma naɗa kansa gwamna na tsawon rai, amma bai ce ya ɓalle daga Faransa ba. Tukuicin da Napoliyon ya ba shi shi ne rundunar sama da soja 20,000 a ƙarƙashin Janar Leclerc, mijin ƙanwarsa, wadda ta iso a farkon 1802. Ranar 20 ga Mayu na wannan shekara aka yi dokar da ta tabbatar da bauta a mallakokin da ba a kai ga soke ta ba, aka kuma dawo da cinikin bayi. A tsibirin Gwadalup an mai da mutanen da suka yi shekara takwas da 'yanci cikin sarƙa. Kwamandansu Louis Delgrès da ɗaruruwan mutanensa suka gwammace su tayar da albarushi su mutu tare da su koma.

Shi Toussaint da yaudara aka kama shi. Wani janar ya gayyace shi tattaunawa a watan Yuni na 1802, yana zuwa aka ɗaure shi, aka sa shi a jirgi, aka kai shi wani kurkuku mai tsananin sanyi a kan duwatsun Jura, inda ya rasu ranar 7 ga Afrilu na 1803 ba tare da an gurfanar da shi gaban kowace kotu ba. Kuskurensa shi ne ya gaskata cewa wanda ya rubuta takardar 1789 zai ji kunyar saɓa mata. Leclerc kuwa, kafin shawara ta kashe shi a watan Nuwamba na 1802, ya rubuta wa Napoliyon cewa babu mafita sai an hallaka baƙaƙen da ke kan duwatsu, maza da mata, a bar yara 'yan ƙasa da shekara 12 kawai. Magajinsa Rochambeau ya nutsar da fursunoni a teku, ya kuma sayo karnuka daga Kuba don farautar mutane. Duk da haka aka ci su. Ranar 18 ga Nuwamba na 1803 rundunar Jean-Jacques Dessalines ta karya su a Vertières, ranar 1 ga Janairu na 1804 aka shelanta ƙasar Haiti a garin Gonaïves. Ba a taɓa samun bayin da suka tashi suka kori iyayengijinsu suka kafa ƙasa mai ɗorewa ba sai su.

Ba a ce hannunsu ya fita fes ba. A watannin farko na 1804 Dessalines ya ba da umarni aka kashe dubban Faransawan da suka rage, har da mata da yara, kuma babu wata azabar da aka sha a baya da za ta halatta jinin yaro. Ya ƙyale wasu sojojin Poland da suka juya wa Napoliyon baya, ya ba su zama 'yan ƙasa. Sannan shi ma ya naɗa kansa sarkin daula a 1804, shekarar da Napoliyon ya ɗora wa kansa kambi a Faris, ya kuma tilasta wa manoma komawa gandu da ƙarfin soja. A 1806 mutanensa suka kashe shi. Juyi biyu, ɗaya na farare ɗaya na baƙaƙe, kowanne ya fara da karya gadon sarauta ya ƙare da sassaƙa sabo.

Amurka, wadda ita ma take tinƙaho da juyinta na 1776, ita ta fi kowa cin ribar jinin Haiti. Da Napoliyon ya ga ya rasa tsibirin sai ya sayar mata da yankin Luwiziyana a 1803 a kan dala miliyan 15, abin da ya ninka girman ƙasar, ya kuma buɗe sababbin filaye ga gandayen auduga na bayi, ya jawo korar 'yan asalin ƙasar daga gidajensu. Shugaban Amurka na lokacin, Thomas Jefferson, shi ne ya rubuta shelar 'yancin ƙasarsa, kuma a tsawon rayuwarsa ya mallaki bayi sama da 600. Ya ƙi amincewa da Haiti, aka kuma yanke ciniki da ita a 1806. Sai a 1862, Amurka na tsakiyar yaƙin basasa a kan bauta, sannan ta yarda cewa akwai wata ƙasa mai wannan suna.

Sai maganar bashi, wadda ita ce ta fi komai ciwo. A watan Yuli na 1825 jiragen yaƙin Faransa suka tsaya a gaban birnin Fotofirins ɗauke da umarnin Sarki Sharl na 10: Faransa za ta amince da 'yancin Haiti in ta biya faran miliyan 150 cikin shekara biyar, diyya ga tsofaffin masu gandaye, ta kuma rage wa kayan Faransa rabin kuɗin kwastan. Shugaba Boyer ya sa hannu igwa na kallonsa. Ga sashe na 17 ya dawo da ƙarfinsa: wanda aka bautar shi zai biya wanda ya bautar da shi kuɗin asarar da ya yi ta rashinsa. Tunda babu kuɗin a ƙasa, kason farko na miliyan 30 a bankunan Faransa aka ranto shi, su kuma suka zare miliyan 6 ladansu tun kafin su miƙa. Bashi ya hau kan bashi. An rage adadin zuwa miliyan 90 a 1838, amma manomin gahawa na Haiti ya ci gaba da biya ta hanyar haraji shekara da shekaru, kuɗin da ya kamata su gina makaranta da asibiti da hanya. Basussukan da suka biyo baya sun koma hannun bankunan Amurka. A watan Disamba na 1914 sojan ruwan Amurka suka shiga babban bankin ƙasar suka kwashi zinariya ta dala 500,000 suka kai Niyok, a 1915 suka mamaye ƙasar har 1934. Sai a 1947 aka gama biya.

Duk wanda ya ji ana kiran Haiti ƙasa mafi talauci a nahiyoyin Amurka, ya san akwai ɓarayin shugabanni irin su gidan Duvalier da suka ƙara mata zafi a kan zafi, amma ya fara lissafi daga 1825. A 2003 Shugaba Aristide ya nemi Faransa ta mayar da kimanin dala biliyan 21. A watan Fabrairu na 2004 aka ɗauke shi a jirgi aka fitar da shi daga ƙasar. A 2015 Shugaba Hollande ya ce zai biya bashin da ke kan Faransa, nan da nan fadarsa ta yi gyara cewa bashin ɗabi'a yake nufi, ba na kuɗi ba. A watan Afrilu na 2025, cikar shekara 200, Shugaba Macron ya amsa cewa an yi rashin adalci, ya kafa kwamitin masana tarihi. Wanzami dai ba ya son jarfa. Haka aka yi a Ingila da ta soke bauta a 1833, da Faransa da ta sake sokewa a 1848: masu bayi aka biya diyya, bayin ko anini.

Shi wannan Sharl na 10 shi ne ya buɗe ƙofar Aljeriya, kuma dalilin ma yana da alaƙa da juyin juya halin. A shekarun 1790 an kai wa Faransa alkama daga Aljeriya a kan bashi, ta ci ta ƙi biya. A 1827 mai mulkin Aljiyas, Husaini, ya tuhumi ƙaramin jakadan Faransa a kan maganar, gardama ta yi zafi ya buge shi da mafici. Wannan mafici aka riƙe hujja, a 1830 aka kawo runduna aka ci birnin ranar 5 ga Yuli. Kafin watan ya ƙare mutanen Faris sun sake yin juyi sun kori sarkin, amma sabuwar gwamnati ba ta ce a dawo da soja gida ba. A 1845 Kanar Pélissier ya hura wuta a bakin kogon Dahra ya kashe ɗaruruwan mutanen da suka fake a ciki da hayaƙi. A 1848 aka sake wani juyin, aka kafa jamhuriya ta biyu, ta 'yanta bayi, kuma a wannan shekarar ce ta ayyana Aljeriya a matsayin yankin Faransa. Sarki ya tafi, jamhuriya ta zo, jamhuriya ta tafi, sarki ya dawo, amma babu ko ɗaya da ya saki abin da aka ƙwace. A 1885, bayan taron Balin, Jules Ferry, mutumin da ya kafa ilimin firamare kyauta a Faransa, ya tsaya a majalisa ya ce manyan jinsuna suna da haƙƙi a kan ƙananan jinsuna saboda nauyin wayar da su. Clemenceau ya tashi ya ƙaryata shi, amma manufar Ferry ce aka bi.

A ƙarƙashin wannan tuta mai launi uku, tutar juyin juya hali, ayarin Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine ya ratso ƙasar Hausa a 1899 da nufin isa tafkin Chadi. Sun ƙone garuruwa, sun kwashi mata da dabbobi, sun rataye 'yan jagora. A watan Afrilu suka gwabza da mutanen Sarauniya a Lugu, a watan Mayu suka ragargaza Birnin Ƙonni suka yi kisan da har yau ba a manta ba. Wasiƙar wani hafsa da aka kora daga ayarin ce ta kai labari Faris, gwamnati ta turo Laftanar Kanar Klobb daga Tumbutu ya karɓi ragama. Bai sha wahalar neman hanya ba, toka da gawarwaki ya riƙa bi, har ya tarar da 'yan mata ƙanana a rataye a rassan itace. Ya cim musu a Dankori, kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka buɗe masa wuta ya faɗi matacce. Ranar kuwa ita ce 14 ga Yuli na 1899, shekara 110 cif da faɗuwar Bastil, ranar da ake bikin 'yanci a Faris.

Cikin kwana uku sojojinsu baƙaƙe suka juya musu suka harbe su duka biyun, kaburburansu suna Maijirgi. Abin da ya girgiza Faris shi ne Bature ya kashe Bature babbansa. Sauran ayarin bai juya ba: ya ci Damagaram a ƙarshen Yuli, aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga bayan 'yan makonni, aka wuce Chadi inda aka haɗu da wasu rundunoni biyu aka kashe Rabe a Kusiri ranar 22 ga Afrilu na 1900. Mahaifin Chanoine janar ne da ya taɓa riƙe ministan yaƙi. A 1902 aka rufe bincike, aka ce zafin ƙasar Sudan ne ya taɓa ƙwaƙwalwar hafsoshin biyu. Ƙasar da suka ratsa ta zauna a hannun Faransa har ranar 3 ga Agusta na 1960.